Girkinmu a Rubuce: Daga Littafi Zuwa Kwamfuta

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, darasinmu na wannan karo ya shafi tukunya. Ya kuma shafi alƙalami da na'ura. Za mu duba yadda ake rubuta ƙa'idar girki, da yadda ake tsara ta a adana cikin waya ko kwamfuta don kada ta ɓace.

Ƙa'idar girki ita ce bayanin da ke faɗin kayan da ake haɗawa, da yawan kowanne, da abin da ake fara yi, da abin da ke biyo baya. Kowace mace a ƙasarmu tana da irin wannan sani mai yawa a kanta. Ta koya wurin uwarta, ko kakarta, ko uwar mijinta. Ido ya gani, hannu ya gwada. Wannan hanya ta riƙe mu tun kaka da kakanni, ba mu raina ta ba. Amma tana da rauni guda. Ranar da tsohuwa ta kwanta dama, abin da ba ta samu damar koyarwa ba ya bi ta ke nan.

Mu ɗauki anza. A shekarun yunwa, kamar 1973 da 1984 da 2005, jama'a da yawa sun rayu da ganyayen daji da ƴaƴan anza. Anza tana da ɗaci ƙwarai, ba ta ciwuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya mata ruwa. Mu tambayi kanmu: ƴan mata nawa ne a garinmu suka san wannan aiki daga farkonsa har ƙarshensa? In shekara ta yi kyau ba mai tambaya. Sai rumbu ya ƙare ake neman wadda ta sani.

Akwai wata hasara ta biyu. Ma'aikatan lafiya sukan tara iyaye mata a gidan likita, su nuna musu yadda ake dama kunun yara mai gina jiki. Kowa ta gani, kowa ta ɗanɗana. Bayan wata biyu sai a fara gardama: wake gwangwani ɗaya aka sa ko biyu? An soya gujiyar ko ba a soya ba? Ma'aikacin kuwa an sauya masa wurin aiki. Haka kunun ke komawa ruwa-ruwa kamar da, yaro ya cika ciki da shi amma jikinsa bai samu abin da yake bukata ba.

Awo ne kan gaba

Kafin mu yi maganar na'ura, sai mun yi maganar awo. Na'ura ba ta san "ɗan kaɗan" ba, ba ta san "daidai misali" ba. Wanda zai karanta rubutunmu a wani gari shi ma bai san girman hannunmu ba.

Ga misalin da kowace uwa ya kamata ta riƙe. Idan yaro yana zawo, abin da ya fi shi ne a ba shi garin gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a gidan likita, a dama shi yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. Idan babu shi a kusa, ana haɗa na gida kafin a kai yaron likita: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wadda ta manta ta juya awon, ta sa gishiri 6, ta cuci yaron ba da nufinta ba. A nan bambancin magani da cuta cokali ne kawai.

Tiya ma ba ɗaya ba ce. Ta wannan kasuwa takan ɗara ta waccan, kuma akwai mai cikawa da tozo, akwai mai shafewa. Saboda haka kowane aji ya zaɓi abin awo guda wanda ake samu a kowane gida, kamar gwangwanin tumatir, ko kofin shayi, ko cokalin cin abinci. A rubuta sunansa a shafin farko na littafi. A kuma rubuta cewa a shafe ake awo.

Mutanen da ma sun rubuta girki. A ƙasar Iraƙi an samu allunan yumɓu da aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Suna ajiye a jami'ar Yale ta Amurka. Allo ɗaya yana ɗauke da miya iri 25. Sun faɗi nama da albasa da sauran kayan haɗi, amma ba su faɗi yawan kowanne ba. Masanan da suka gwada dafa su a zamaninmu sai da suka yi ta kintace.

Ga kuma akasin haka. A shekarar 1982, a asibitin Fada Ngurma ta ƙasar Burkina Faso, aka tsara wani garin kunun yara mai suna Misola. An rubuta ƙa'idarsa da nauyi: cikin kashi 100, hatsi soyayye 60, waken soya 20, gujiya 10, sukari 9, gishiri 1. Da yake awon a rubuce yake, ƙungiyoyin mata a Mali da Nijar da wasu ƙasashe sun iya yin garin iri ɗaya, ko da ba su taɓa haɗuwa da waɗanda suka tsara shi ba.

Yadda ake rubuta ƙa'ida guda

Kowane girki a ba shi shafinsa. Kada a cusa biyu a shafi ɗaya don tsimin takarda. A sama a rubuta lamba da suna. Ga misali, wanda muka sauƙaƙa da kayan da ake nomawa a gonakinmu:

Lamba 1. Kunun hatsi da wake da gujiya.
Don wa: yaro daga wata 6 zuwa sama, tare da nonon uwa.
Lokaci: duk shekara, ya fi araha da kaka.
Kaya: hatsi gwangwani 6, wake gwangwani 2, gujiya gwangwani 1.
Aiki: a tsince kayan, a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna. A wanke, a shanya. A soya kowanne shi kaɗai sama-sama. A cire ɓawon wake da na gujiya. A haɗa a niƙa, a tankaɗe, a zuba cikin abu mai murfi.
Damu: awo 1 na gari, awo 2 na ruwa. A dafa ana motsawa har ya nuna.
Daga wa aka ji: sunan wadda ta koyar, da garinsu, idan ta yarda.

Mu lura da maganar fumfuna. Gujiyar da ta ruɓe takan ɗauki wani dafi da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Irin wannan gargaɗi shi ne abin da baki ke mantawa, rubutu kuwa ba ya mantawa.

Wannan kunu zai yi kauri, kuma kaurin nan shi ake so, domin a cikinsa abincin yake. Idan ya yi wa ƙaramin yaro kauri, kada a ƙara ruwa. A jiƙa hatsi ko dawa, a bari ya tsiro, a shanya, a niƙa. A barbaɗa kaɗan daga garin tsiron nan, abin da yatsu suka tsinta sau 3, cikin kunun bayan an sauke shi ya ɗan huce. Za a ga ya saki da kansa. Sai a mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya. Wannan dabara ita ma a ba ta shafinta.

To, mene ne aikin kwamfuta?

Kwamfuta na'ura ce mai ajiye rubutu da lissafi da hoto da murya. Tana aiki ne da umarnin da aka shirya mata, wanda ake kira manhaja. Wayar hannu ta zamani, wadda ake shafawa da yatsa, ita ma ƙaramar kwamfuta ce.

Tunanin ajiye girki cikin na'ura ba sabo ba ne. A shekarar 1969 wani babban kanti a Amurka ya tallata kwamfutar ɗakin girki ta kamfanin Honeywell. Kuɗinta ya wuce dalar Amurka 10,000, kuma sai mace ta yi mako 2 tana koyon sarrafa ta. Ba ta samu kasuwa ba. Yau wayar da ke aljihun ɗan kasuwar Maijirgi ko Kanambakashe ta fi waccan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai manhajoji da aka yi musamman don girki, amma yawancinsu da Turanci ko Faransanci suke, kuma abincin wasu ƙasashe ne a cikinsu. A ganinmu abin da ya fi dacewa da mu shi ne manhajar jadawali, kamar Excel, ko LibreOffice Calc wadda kyauta ce. Idan aka buɗe ta, za a ga shafi mai layuka a kwance da layuka a tsaye, kamar gonar da aka yanka fangali-fangali. Kowane layi na kwance girki ɗaya ne. Kowane layi na tsaye tambaya ɗaya ce: suna, don wa, lokaci, kaya, awo, aiki, daga wa aka ji. Abin da muka rubuta a littafi shi ne za a kwafe, ba a ƙara komai ba.

Amfaninta na farko shi ne nema. Girki 10 ana iya duba su a littafi. Idan azuzuwan Korgom da Urafan da Hawandawaki da Sarkin Hausa suka tara nasu har suka kai 300, buɗe shafi ɗaya-ɗaya zai cinye yini. Kwamfuta kuwa, in aka rubuta mata "kabewa", nan take za ta fito da duk girkin da ke da kabewa.

Amfani na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurin manomi. Ana iya ce mata ta ware girki bisa lokacin shekara. Kowa ya san wahala ba ta kaka ba ce, lokacin da wake da gujiya da kabewa da yakuwa suke ko'ina. Wahala ta damina ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, zazzaɓin sauro ya kama yara. Idan muka ce ta nuna mana girkin damina kaɗai, za mu ga abin da muke da shi: tafasa, ganyen wake, zogala, garin kuka, ƙuli-ƙuli, nonon jar akuya. Za mu kuma ga giɓin da ke akwai. Idan jerin damina gajere ne, to mun san abin da za mu shanya mu ajiye tun da kaka, mun san abin da za mu shuka a bayan ɗaki. Ta nan littafin girki yake zama littafin noma.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kasa abincin ƙananan yara rukuni 8. Su ne nonon uwa, hatsi da saiwoyi kamar rogo da dankali, dangin wake da gujiya, nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itace masu bitamin A kamar zogala da kabewa da mangwaro, sai sauran ganyaye da ƴaƴan itace. Ana so yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 a yini. Idan muka ƙara layi ɗaya a jadawali muka rubuta rukunin da kowane girki ya ƙunsa, uwa za ta iya ganin wanne za ta haɗa da wanne. Kunun da muka rubuta a sama yana da rukuni 2. Da nonon uwa sun zama 3. A ƙara garin zogala da ƙwai ɗaya, an kai 5.

Amfani na uku lissafi ne. A ce yaro ɗaya yana cin cokali 3 na gari, kuma za a dama wa yara 40 ranar awo. Kwamfuta za ta ce cokali 120. A ce tiyar wake ta tashi daga dala 150 zuwa dala 200. Da an sauya wannan lamba guda, za ta sake lissafa kuɗin duk girkin da ke da wake. Ƙungiyar matan da ke sayar da garin kunu ba za ta sayar da hasara ba tare da ta sani ba.

Masana ma da irin wannan jadawali suke aiki. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara jadawalin abincin Afirka ta Yamma na shekarar 2019, mai ɗauke da abinci fiye da iri 1,000, da abin da kowanne ya ƙunsa na gina jiki. Amma masani ba zai iya faɗin ƙarfin damben zogalar garinmu ba sai ya san yawan abin da muka zuba a ciki. Wannan kuwa mu kaɗai muka sani.

Kwamfuta ba ta da wayo

Abin da aka rubuta mata shi take nema, harafi da harafi. Mu muna cewa gujiya, mutanen Kano suna cewa gyaɗa. Wani ya rubuta fura, wani ya rubuta hura yadda bakinsa ke faɗi. Wani ya ce hatsi, wani ya ce gero. A wurin kwamfuta waɗannan abubuwa ne dabam-dabam. Wanda ya nemi gujiya ba zai ga girkin da aka rubuta da gyaɗa ba. Maganin abin shi ne aji ya zauna ya zaɓi suna ɗaya, sauran sunayen a ba su layinsu a gefe.

Haka kuma haruffan nan masu lanƙwasa da muka sha wahalar koyo: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Gwamnatin Nijar ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a shekarar 1999, kuma suna cikinta. Koko abin sha ne, ƙoƙo abin zubawa ne. Wanda ya rubuta "koko 2 na gari" ya bar mai karatu cikin ruɗu. Ana iya sa allon rubutun Hausa a wayoyin zamani, irin su Gboard, haruffan nan su fito. A roƙi wanda ya iya ya sa mana.

Wanda ba shi da kwamfuta fa?

Mun san ba kowane gari ke da ita ba, kuma ba kowane gari ke da lantarki ba. Wannan bai hana aiki ba. Da waya mai ɗaukar hoto ana iya ɗaukar kowane shafi na littafi. Ana iya ɗaukar muryar tsohuwa tana bayani da bakinta, in ta amince. Sai dai a ba kowane hoto da kowace murya suna da lamba daidai da na littafi. In ba haka ba za su nutse cikin hotunan biki da na suna, a neme su a rasa.

An riga an gwada irin wannan kusa da mu. A shekarar 2015 shirin SPRING da ƙungiyar Digital Green sun yi aiki a ƙauyukan Gidan Rumji da Agye. Mutanen gari da kansu suka fito cikin gajerun majigi da Hausa, a kan ciyar da yara da wanke hannu, aka riƙa nuna su a taron mata da na maza da ƙaramar na'urar haska bango. A jihohin Doso da Damagaram kuma, a shekarun 2009 da 2010, wani shiri mai suna ABC ya koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci aiki da wayar hannu a cikin aji. Binciken da aka yi ya nuna sun fi sauran ɗalibai samun maki a rubutu da lissafi. Ashe wanda ke rubuta girki a waya yana tsare karatunsa ma daga tsatsa.

Wa zai riƙe littafin? A garuruwa da yawa akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE. Suna taruwa kowane mako, sun saba da riƙon amana. Wadda ta iya rubutu a cikinsu tana iya riƙe littafin girki kusa da akwatin asusu. Idan ya cika, a kai wa malamin aji ko wani ɗan gari mai kwamfuta ya kwafe, ya kuma buga a takarda ya maido wa masu shi. Mu dage a kan wannan maidowa. Sanin da aka kwasa daga ƙauye aka kulle a birni bai amfani mai jego ba.

Takarda tana da abokan gaba: gara, ɓera, ɗigon ruwa, gobara. Na'ura ma tana da nata. Waya takan faɗa rijiya, akan sace ta, katin ajiyarta yakan lalace, ƙura da zafi sukan kashe kwamfuta. Don haka kowane girki ya zauna a wuri 3: a littafi, a cikin na'ura, da kuma a wata wayar ko wani katin da ke wani gida dabam. Littafin a sa shi cikin leda, a ajiye cikin akwatin ƙarfe.

Sai mu yi hattara da abin da ke shigowa ta WhatsApp. Ba duk haɗin da aka turo ne gaskiya ba, balle wanda aka ce yana warkar da kowace cuta. Duk abin da za a ba yaro, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a shigar da shi littafi. Jariri kafin wata 6 ba ya bukatar komai sai nonon uwa, ko ruwa ba ya bukata. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1. Kunu kuma ba maganin tamowa mai tsanani ba ne. Idan igiyar awon dantse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura, a kai shi gidan likita a ranar. Kada kuma a sa sunan yaro marar lafiya ko hotonsa a cikin abin da za a rarraba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi, mace da namiji, ya je wurin wata dattijuwa a gidansu ko a unguwarsu. Ya gaishe ta, ya ce: "Inna, ina so ki koya mini abincin da kuke yi wa yara da damina in hatsi ya yi ƙaranci." Ya tafi da gwangwanin awon aji. Duk abin da ta ɗiba da hannu, ya roƙe ta ta zuba a gwangwani tukuna, ya duba, ya rubuta. Ranar karatu mai zuwa kowa ya karanta nasa a gaban aji. Sai a miƙa takardar ga wata ɗalibar da ba ta taɓa yin wannan girki ba, ta je gida ta gwada da abin da aka rubuta kaɗai. Duk inda ta tsaya ta rasa abin yi, a sa alama a wurin, a koma wurin Inna a sake tambaya.